Lauya Cikin Kaki: Tarihin Birgediya-Janar Telford Taylor

Da yawa daga cikinmu, musamman waɗanda neman abinci ya zaunar da su a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita, ba su manta da annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ba. Annobar ta ci rayukan dubban mutane a Arewa, akasarinsu ƙananan yara. A tsakiyar wannan tashin hankali ne kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, aka ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu ba. Kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Magana ta yi nisa har ta kai Amurka, inda a watan Janairu na 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta yanke cewa iyayen suna da hurumin a saurari ƙararsu. Kotun ba ta ce ga mai laifi ba. Abin da ta ce shi ne, haramcin gwada magani a jikin mutum ba tare da yardarsa ba ya riga ya zama dokar da ta hau kan duniya baki ɗaya. Da alƙalan suka tashi kafa hujja, sai suka koma baya shekara sittin da 'yan kai, zuwa wata shari'a da aka yi a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus. Mutumin da ya miƙe sanye da kakin soja ya buɗe waccan shari'a ranar 9 ga Disamba, 1946, shi ne Birgediya-Janar Telford Taylor, kuma tarihinsa ne muke so mu ɗan gutsura wa mai karatu.

An haifi Telford Taylor ranar 24 ga Fabrairu, 1908, a garin Schenectady da ke jihar New York. Ya yi karatun digiri a Kwalejin Williams, sa'annan ya karanci shari'a a Jami'ar Harvard, ya kammala a 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana aikin lauya a ma'aikatun gwamnati da majalisar dattawa, har a 1940 ya zama babban lauyan hukumar kula da harkokin sadarwa. Wato dai lauyan cikin gida ne, aikinsa lasin gidajen rediyo da ƙa'idojin wayar tarho. Babu abin da ya haɗa shi da soja, balle dokokin ƙasa da ƙasa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya masa alƙibla. A watan Oktoba na 1942 ya shiga sashen leƙen asiri na rundunar sojan Amurka da muƙamin Manjo. Shekara na zagayowa aka tura shi Ingila, zuwa wani gida da ake kira Bletchley Park, inda masana lissafi ke warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus. Aikin Taylor shi ne shugabantar Amurkawan da ke tace waɗannan saƙonni su isar da su ga kwamandojinsu a fagen fama. Ya zama Kanar a 1944. Wannan aiki ya sa ya san rundunar Jamus ciki da bai: wane ne ke ba da umarni, wane ke karɓa, ta wace hanya takarda ke bi daga teburin Hitila har ta isa hannun ƙaramin hafsa. Ilmin da ya samu domin yaƙi shi ne daga baya ya yi masa rana a kotu.

Da Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu na 1945, ƙasashen da suka ci yaƙi sun sha muhawara a kan yadda za a yi da shugabannin Nazi. A cikin manyan Ingila akwai waɗanda suka ga kawai a jera su a harbe. Amurka ta dage a kan a yi shari'a. Ranar 8 ga Agusta, 1945, Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka rattaba hannu a Landan a kan yarjejeniyar kafa kotun soja ta ƙasa da ƙasa. A cikin wannan yarjejeniya akwai wata aya da ta girgiza duk wanda ya san aikin soja, ita ce aya ta 8, wadda ta ce cewa mutum umarni aka ba shi ba ya wanke shi daga laifi, sai dai kotu tana iya dubawa ta sassauta masa hukunci. Alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, Robert Jackson, shi aka naɗa babban mai gabatar da ƙara na ɓangaren ƙasarsa, shi kuma ya jawo Kanar Taylor cikin mataimakansa.

An buɗe babbar shari'ar ranar 20 ga Nuwamba, 1945. Kason da ya faɗo wa Taylor shi ne mafi wuya, domin an ɗora masa ya tabbatar wa kotu cewa majalisar manyan hafsoshin Jamus ƙungiya ce ta masu laifi. Janarorin kuwa sun riga sun shirya amsarsu: su sojoji ne masu bin doka, kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa da sauran farar hula aikin dakarun jam'iyya ne da ake kira SS, su fagen daga kawai suka sani. Taylor ya tunkari wannan magana da takardun da janarorin suka sa wa hannu da kansu, kamar umarnin a harbe jami'an siyasa na rundunar Sobiyet da zarar an kama su, da umarnin a kashe sojojin kwamanda ko da sun ɗaga hannu. Ranar 7 ga Janairu, 1946, ya kira wani Janar na SS mai suna Bach-Zelewski ya ba da shaida, mutumin ya tabbatar da cewa sojojin ƙasa sun yi dumu-dumu a kashe-kashen da aka yi da sunan yaƙi da 'yan sari-ka-noƙe a ƙasar Rasha.

Duk da haka Taylor bai yi nasara ba. Da aka karanta hukunci a ƙarshen Satumba da 1 ga Oktoba, 1946, an yanke wa mutum 12 hukuncin kisa, an ɗaure 7, an sallami 3. Amma alƙalai suka ƙi ayyana majalisar hafsoshin a matsayin ƙungiyar masu laifi, bisa dalilin cewa ba ƙungiya ba ce da mutum ke shiga da son ransa, taron masu muƙamai ne kawai. Sai dai sun yi wa janarorin kaca-kaca, suka ce sun zubar da mutuncin aikin soja, kuma ya kamata a gurfanar da su ɗaya bayan ɗaya. Fil Mashal Keitel da Janar Jodl, waɗanda aka tuhuma da sunayensu, an rataye su ranar 16 ga Oktoba. A ganinmu alƙalan sun fi Taylor gaskiya a wannan gaɓa, domin kama mutum da laifi saboda kujerar da ya zauna a kai hanya ce mai santsi. Kuma wannan faɗuwa ce ta buɗe masa ƙofar aikin da ya fi fito da sunansa.

Jackson ya koma kujerarsa ta alƙalanci, Taylor, wanda ya kai muƙamin Birgediya-Janar, ya gaje shi a watan Oktoba na 1946, yana da shekara 38. Zumuncin ƙasashen huɗu ya riga ya fara tsami, saboda haka ba a sake zaman kotun haɗin gwiwa ba. Amurka ta ci gaba ita kaɗai a dai wannan ɗakin shari'a, ƙarƙashin wata doka mai lamba 10 da majalisar mulkin Jamus ta ƙasashen huɗu ta kafa a Disamba na 1945. Daga 1946 zuwa 1949 Taylor ya jagoranci shari'u 12. An tuhumi mutum 185, aka gurfanar da 177, aka kama 142 da laifi, aka sallami 35. Hikimar da ya yi ita ce kasa waɗanda ake tuhuma bisa ga sana'arsu: likitoci daban, alƙalai daban, masu masana'antu daban, janarori daban, manyan ma'aikatan gwamnati daban. So yake ya nuna cewa Hitila da 'yan barandarsa kaɗai ba su isa su yi wannan ɓarna ba, sai da masu ilmi da masu dukiya da masu igiya a kafaɗa suka kama musu.

Shari'ar likitoci ce ta farko. Mutum 23 aka gurfanar, 20 daga cikinsu likitoci, ciki har da Karl Brandt, likitan Hitila, da mace guda ɗaya. Abin da aka bayyana a kotu ba ya jin daɗin faɗa. A sansanin Dachau an riƙa tsoma fursunoni cikin ruwan ƙanƙara don a ga tsawon lokacin da matuƙin jirgin da ya faɗa teku zai iya ɗauka kafin ya mutu. An kulle wasu a ɗakin da aka zuƙe wa iska. An ɗura wa wasu ruwan teku, an sa wa wasu zazzaɓin cizon sauro da gangan. A sansanin mata na Ravensbrück an tsaga ƙafafun 'yan mata an cusa musu ƙwayoyin cuta da ɓaraguzan katako don a gwada maganin rauni. A jawabinsa na buɗe ƙara Taylor ya nuna cewa hukunta waɗannan mutane ba shi ne kaɗai abin nema ba, domin babu hukuncin da zai yi daidai da abin da suka aikata. Abin da ya fi damunsa shi ne a kafa shaida a rubuce, ta yadda gobe babu wanda zai tashi ya ce ƙage ne.

Lauyoyin da ke kare likitocin ba su zo da wasa ba. Sun ce babu wata rubutacciyar doka ta duniya da ta fayyace gwajin da ya halatta da wanda ya haramta, kuma sun kawo misalin yadda likitocin Amurka suka gwada magungunan zazzaɓi a jikin fursunoni a wani kurkuku na jihar Illinois. Wannan hujja ta yi nauyi, ita ce ma ta sa alƙalai, da suka yanke hukunci a watan Agusta na 1947, suka zayyana ƙa'idoji 10 na gwaji a jikin ɗan Adam. Ta farkonsu ita ce dole a sami yardar mutum, yarda ta son rai, bayan an fahimtar da shi abin da za a yi masa da hatsarin da ke ciki. Wata kuma ta ba shi damar janyewa duk lokacin da ya ga dama. Waɗannan su ake kira Ƙa'idojin Nuremberg, su ne kuma kotun New York ta jingina da su a maganar yaran Kano. An yanke wa 7 hukuncin kisa, an ɗaure 9, an sallami 7. Abin takaici, a daidai lokacin da ake wannan shari'a, hukumar lafiya ta Amurka tana tsakiyar wani bincike a garin Tuskegee, inda aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke cin jiki. An fara shi a 1932, ba a daina ba sai 1972 da 'yan jarida suka tona asiri. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

Akwai shari'ar da ba ta cikin tsarin farko. Wani matashin lauya mai suna Benjamin Ferencz, wanda Taylor ya tura Berlin binciken takardu, shi ne ya zo masa da rahotannin rundunonin kisa na musamman da suka bi bayan sojojin Jamus cikin ƙasar Sobiyet, suna tattara Yahudawa suna harbewa a bakin rami. Rahotannin sun ƙunshi sunan gari da rana da adadin waɗanda aka kashe. Da Ferencz ya tara lissafi ya haura miliyan ɗaya, sai ya garzaya Nuremberg. Taylor ba shi da rarar ma'aikata ko kuɗi, amma ya amince, ya kuma damƙa wa yaron ɗan shekara 27, wanda bai taɓa gabatar da ƙara ba, jagorancin shari'ar. Mutum 22 aka yanke wa hukunci, duka aka same su da laifi, 14 aka ce a rataye su.

Ga waɗanda ke da 'ya'ya ko ƙanne a bariki, shari'un janarori biyu ne suka fi cancantar a tsaya a kansu. Ta farko ta shafi yankin Balkan da Girka, inda rundunar Jamus ta yi aiki da umarnin cewa duk sojanta guda da 'yan tawaye suka kashe, a kashe farar hula 50 zuwa 100 a madadinsa. A garin Kragujevac na ƙasar Sabiya, a watan Oktoba na 1941, an harbe maza kusan 2,800 a kan wannan lissafi, har da 'yan makaranta da aka fitar daga aji. An ɗaure Fil Mashal List rai da rai. Amma kotun ta faɗi wata magana da ta ɓata wa masu gabatar da ƙara rai, cewa a dokar wancan zamani kashe waɗanda aka yi garkuwa da su yana iya halatta idan an cika wasu sharuɗɗa masu tsauri, laifin Jamusawa shi ne sun wuce gona da iri. Wannan giɓi ne Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta 1949 ta toshe, ta haramta yin garkuwa da farar hula da kuma hukunta gari guda saboda laifin mutum ɗaya. Nijeriya ta shiga waɗannan yarjejeniyoyi a 1961, kuma ƙa'idojin aiki da gwamnatin Yakubu Gowon ta raba wa sojoji a 1967, farkon yaƙin basasa, sun ambace su. Shari'a ta biyu ita ce ta manyan kwamandoji, wadda aka kammala a Oktoba na 1948. A nan kotu ta yi bayanin iyakar alhakin kwamanda: ba kowane laifin na ƙasa da shi ne zai hau kansa ba, amma idan ya miƙa umarnin da kowa ya san haramun ne, ko ya san ana ta'asa a yankinsa ya kau da kai, to shi ma ya shiga ciki.

Ba za mu ɓoye sukar da aka yi wa Nuremberg ba, domin tana da tushe. An ce shari'ar wanda ya ci yaƙi ce a kan wanda aka ci. Babu wanda ya tambayi Amurka batun Hiroshima. Tarayyar Sobiyet ta zauna a kujerar alƙali alhali ita ce ta kashe dubban hafsoshin Poland a dajin Katyn, har ta nemi ta laƙaba wa Jamusawa. Faransa kuwa, a Disamba na 1944 ta buɗe wa sojojinta 'yan Afirka ta Yamma wuta a sansanin Thiaroye na Senegal saboda sun nemi haƙƙinsu, kuma a ranar da ake bikin gama yaƙi a Turai, 8 ga Mayu, 1945, aka fara tarzomar Sétif a Aljeriya, wadda ta ƙare da kashe dubban Larabawa. Mu da kakanninmu suka ba mu labarin abin da ya sami garin Satiru a 1906 ba ma bukatar a koya mana cewa mai bindiga ba ya kai kansa ƙara. Abin da ya bambanta Taylor da sauran abokan aikinsa shi ne, bai tsaya yana kare kansa daga wannan suka ba. Ya ɗauka cewa alkawari aka yi a Nuremberg, cewa mudun da aka auna wa Jamusawa da shi za a auna wa kowa, ya kuma ƙare rayuwarsa yana bin ƙasarsa bashin wannan alkawari.

Tun kafin a je ko'ina aikin nasa ya fara warwarewa. Yaƙin cacar baka ya kankama, Amurka tana bukatar Jamus ta Yamma da masana'antunta da tsofaffin hafsoshinta. A ƙarshen Janairu na 1951 babban kwamishinan Amurka a Jamus, John McCloy, ya sassauta hukuncin mafi yawan fursunonin. Alfried Krupp, mai kamfanin ƙera makamai da aka ɗaure shekara 12 saboda bautar da fursunoni, ya fito, aka kuma mayar masa da dukiyarsa. Daga cikin mutum 14 na rundunonin kisa da aka yanke wa rataya, 4 kaɗai aka rataye. Kafin ƙarshen 1958 babu ko ɗaya da ya rage a kurkuku. Taylor, wanda ya tuɓe kaki ya koma aikin lauya a New York, ya fito a jarida ya soki wannan afuwa ba tare da rufa-rufa ba.

A 1953, lokacin da Sanata Joseph McCarthy ke farautar mutane da zargin kwaminisanci, har manyan ƙasa suna tsoron tanka masa, Taylor ya tsaya gaban ɗaliban makarantar horar da hafsoshi ta West Point ya ce mutumin hatsari ne ga soja da ƙasa. McCarthy ya mayar da martani da jefa shakku a kan amanarsa. Bai ja da baya ba, ya rubuta littafi a kan yadda majalisa ke wuce iyaka a bincikenta, ya kuma kare waɗanda ake tuhuma da kwaminisanci a kotu a lokacin da lauyoyi da yawa ke gudunsu. Daga 1962 ya zama farfesan shari'a a Jami'ar Columbia.

Jarrabawa mafi girma ta zo da yaƙin Biyetnam. Ranar 16 ga Maris, 1968, sojojin Amurka suka shiga ƙauyen My Lai suka kashe farar hula, mata da yara da tsofaffi. Binciken sojan Amurka ya ce mutum 347 ne, hukumomin Biyetnam suka ce 504. An ɓoye maganar fiye da shekara guda. A 1970 Taylor ya fitar da wani ɗan littafi da ya gwama Nuremberg da Biyetnam, inda ya bi tsarin yaƙin ɗaya bayan ɗaya: yankunan da aka ba soja izinin harbin duk abin da ya motsa, ƙone ƙauyuka, da auna nasara da yawan gawa. Ya tuna wa Amurkawa Janar Yamashita na Japan, wanda kotun sojansu ta rataye a 1946 saboda ta'asar da dakarunsa suka yi a Filifin, ba tare da an tabbatar shi ya ba da umarni ba. A wata hira ta talabijin a farkon 1971 ya ce idan da wannan ma'auni za a yi aiki, to Janar Westmoreland, wanda ya jagoranci yaƙin Biyetnam, yana iya samun kansa cikin masu laifi. Mai faɗar wannan magana Janar ne mai ritaya, ba ɗalibi mai zanga-zanga ba, shi ya sa ta yi zafi. A ƙarshe mutum ɗaya tak aka kama da laifin My Lai, Laftanar William Calley. An yanke masa ɗaurin rai da rai a 1971, amma abin da ya yi bai wuce shekara uku da rabi ba, kusan duka a tsare cikin gidansa. A Disamba na 1972 Taylor ya tafi Hanoi da kansa, yana da shekara 64, tafiyar kuwa ta faɗo daidai lokacin da jiragen ƙasarsa ke yi wa birnin ruwan bama-bamai. Ya ga abin da ya sami asibitin Bach Mai da idonsa, ya rubuto wa jarida.

Sai a 1992, yana da shekara 84, ya wallafa babban littafinsa a kan shari'ar farko ta Nuremberg, inda bai ɓoye kurakuran da ya gani a ɓangarensu ba. Ya rayu har ya ga Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kotun Yugoslabiya a 1993 da ta Ruwanda a 1994, waɗanda su ne na farko irinsu tun bayan Nuremberg da Tokyo. Ya rasu a New York ranar 23 ga Mayu, 1998, yana da shekara 90.

Bai cika wata biyu da rasuwa ba, ranar 17 ga Yuli, ƙasashe 120 suka kaɗa ƙuri'a a birnin Rum don kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya mai zaman dindindin. Ƙasashe 7 suka ƙi, Amurka tana cikinsu. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar a 2001, kuma a Disamba na 2020 mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, Fatou Bensouda, ta sanar cewa akwai dalilin zaton an aikata laifukan yaƙi a rikicin Arewa maso Gabas, daga ɓangaren Boko Haram da kuma ɓangaren jami'an tsaro. Shi kuwa Ferencz, yaron nan da Taylor ya damƙa wa shari'ar rundunonin kisa, an gayyace shi Hague a 2011, yana da shekara 91, ya yi jawabi wajen rufe ƙara a shari'ar farko da sabuwar kotun ta gudanar, wadda aka yi wa Thomas Lubanga na Kwango a kan sa ƙananan yara aikin soja. Ya rasu a 2023 yana da shekara 103.